Gashin Kurciya

A Makka aka haife ni, garin da ba kogi ba tafki, sai duwatsu da zafi, amma abin da ya fi cin raina a shekarun nan shi ne kamun kifi. Ban ce sha'awa ba, don sha'awa tana jin magana. Wannan wani abu ne da ke tashina kafin kiran assalatu, ya kai ni bakin taga ina leƙen darbejiyar da ke bakin lungunmu a Rusaifa, don in ga me iska ke ciki. In ganye ya tsaya cik, na ji daɗi. In yana kaɗawa kamar zai tsinke, sai in ce wa kaina ai kafin in isa za ta lafa. Ba ta taɓa lafawa saboda ni ba, ni ma ban taɓa fasa tafiya saboda ita ba.

Aikina gyaran mukayyif ne, na'urar sanyaya ɗaki, a wani otal a Jarwal. Wanda ya jefa ni cikin wannan hali wani injiniya ne mutumin Bosniya da muka yi shekara biyu muna aiki tare. Lokacin abincin rana mu muna ta kai loma, shi yana gefe ya maƙale 'yar ƙugiya a bakin filaya, yana ɗaura mata gashin tsuntsu da zare. Na yi masa dariya har na ƙoshi. Ya ce a ƙasarsu akwai tafkuna a kan duwatsu, kifi kan taso ya cafke ƙwaro a saman ruwa, shi ya sa suke ƙera masa ƙwaron ƙarya. Na ce kifin ƙasarku dai ba shi da wayo. Wata Asabar ya ɗauke ni zuwa Shu'aiba, tafiyar awa ɗaya da wani abu daga Makka, inda teku ta kutso cikin ƙasa ta yi tafkuna na ruwan gishiri marasa zurfi. Ranar ban kama komai ba sai hular kaina, sau biyu. Da zai koma gida ya koya mini ƙullin, ya bar mini sandarsa da igiyarsa, ya tafi abinsa. Shi da yarensu yake kiran ƙugiyar mai gashi. Ni risha nake ce mata, kamar yadda Larabawa ke kiran gashin tsuntsu.

Mai fatsa da tana ko nama yakan jefa ya zauna, ya sha shayi, ya yi hira. Mai risha ba shi da wurin zama. Risha ba ta da nauyin komai, igiyar ce mai nauyi, don haka sai ka kaɗa sanda baya, ka jira igiya ta miƙe a bayanka, ka kaɗo gaba, ka sake, har ta yi tsawon da kake so, sannan ka sauke ta a hankali gaban kifin da ka hango. Kana tsaye a ruwa har cinya, kana jan igiya da yatsu kaɗan-kaɗan don gashin ya riƙa motsi kamar ƙaramin kifi mai neman tsira. Sai ka yi jifa ɗari ba komai. A na ɗari da ɗaya wani abu ya fizgi igiyar har ta ƙona maka yatsa, daga nan kuma ka shiga uku, domin duk jifan da za ka sake yi gani kake shi ne na ɗari da ɗayan. Na sha cewa wannan ne na ƙarshe tun da hantsi, in ɗago kai in ga rana ta karkata.

Ga shi mai risha ba shi da abokin gaba kamar iska, gaɓar nan kuwa gidan iska ce. Akwai ta kudu da ake kira aziyab, mai zafi da gumi, wadda ke dagula ruwa ya koma kamar kunu. Akwai ta arewa lokacin sanyi, mai dukan fuska da gishiri har leɓe ya tsage. Ta maido maka igiya a wuya, ta kanannaɗe ta, ta ɗirka maka ƙugiya a ƙeya. Masunta na asali, waɗanda da sana'ar suke ci, sukan ja jiragensu gaɓa su zauna a inuwa suna kallona. Wani tsoho a cikinsu ya taɓa tambayata ko akwai wanda ya sa ni dole. Na ce babu. Ya ce to Allah ya ba ni lafiya, kuma ba da wasa ya faɗa ba.

Duk wannan mahaifiyata ba ta sani ba. Inna muke ce mata. Tare muke zaune a hawa na ɗaya, ni da ita da matata da 'ya'yanmu biyu, kuma abin da ta sani shi ne duk Asabar otal na tura ni aiki Ɗa'ifa. Ni na gaya mata haka. Ina da dalili, ko da yake dalilin bai wanke ni ba. Wa guda ɗaya gare ni. Ina ɗan shekara goma sha biyu ya fita ya ce zai nemi aiki a tashar jiragen ruwa ta Jidda. Ya bugo waya sau uku, na ƙarshe daga Sudan, daga nan shiru har yau. Ba a yi faɗa da shi ba, ba a kore shi ba, bai rasa ci ko sha ba. Inna ta juya abin ta kowace fuska ta rasa inda za ta kama, sai ta tsaya a kan cewa kurciya aka yi masa, asirin nan da ake yi wa mutum ya rasa gindin zama a garinsu, ya yi ta tafiya ba waiwaye. Iyayenta ne suka zo daga Kano, ita a nan aka haife ta, amma wannan magana ta iso Makka da ƙarfinta. Ba ta taɓa kama sunan kowa ba. Ta dai tsani teku, ko a talabijin aka nuno ta sai ta kau da kai. Na rasa bakin da zan ce mata ɗan da ya rage mata yana shiga ruwan nan har ƙugu don jin daɗi.

Ƙaryar kuma tana da hidima. In na fito daga ruwa sai in tsaya a gidan mai in wanke gishirin jikina, in sauya kaya. Kifin da na kama ko in sake shi ko in ba masunta, don Ɗa'ifa a kan dutse take, ba a tsarabar kifi daga can. Matata takan sayo kifi a kasuwa ta soya, ta ajiye a gabana ta ce in ci, ƙila ma mun san juna da shi.

Mutum biyu ne suka san gaskiya, matata da Goggo. Goggo ba 'yar'uwarmu ba ce ta jini. Ita da Inna tun suna amare suke ƙofa da ƙofa a tsohuwar Jarwal, kuma da aka rushe gidajen wurin, tare suka nemi bene ɗaya a Rusaifa, mu a hawa na ɗaya, ita a hawa na uku kusa da rufi. Ita ta yi mini wankan farko. Ita ta riƙe Inna shekarar da yayana ya ɓata, tana sauko mata da abinci, ta tsare ta sai ta ci. Mijinta ya rasu, ɗanta yana unguwar Zahir da iyalinsa, ya yi ya yi ta koma wurinsa ta ƙi, ta ce ba ta barin Inna. Kullum da safe tana suyar masa da dama kunun gyaɗa, matan lungu na hawa saye, in ta gama ta sauko da ragowar su karya tare suna gulmar duniya, rabi Hausa rabi Larabci. A rufin bene kuma tana kiwon tattabaru, da kurciyoyi huɗu a keji.

Gashin kurciyoyin nan ne ya kai ni gare ta. Na gwada na kaza, na gwada na agwagwa, amma na ƙirjin kurciya yana da wani laushi, in ya jiƙe sai ya riƙa buɗewa yana rufewa a ruwa. Cikin Harami ba a taɓa tsuntsun dawa, ba a ko firgita shi, don haka na titi ba ni da hanya da su. Na Goggo na gida ne, kuma wanda ya zube da kansa kawai nake so. Na hau na roƙe ta in ta yi shara ta riƙa tara mini. Ta tsare ni da ido ta ce me magidanci zai yi da gashin kurciya. Ba a yi wa Goggo ƙarya, sai na zayyana mata komai, na ce amma don Allah kada Inna ta ji. Ta ce ba ta son wannan, in gaya wa uwata da bakina tun da wuri. Na ce zan gaya mata, ina jiran lokacin da ya dace ne. Ta ce to amana ce, ta karɓa. Shekara huɗu tana tara mini, ta ƙulle a ƙyallen tsohon zani ta miƙo mini a matakala, lokacin da ya dace kuwa bai zo ba.

Asabar ɗin da abin ya fashe lokacin sanyi ne. Kwana uku aziyab na busawa, kowa ya san ruwa na tafe. Matata na shirin kai yara gidan iyayenta, ta gan ni ina sa takalmi, ta ce in dubi sama mana. Da Larabci ta faɗa, don in ta fusata Hausa kan gudu ta bar ta. Na duba, hadari ya haɗo ta yamma baƙi ƙirin. Na ce mata kifi ya fi ci gab da ruwa. Gaskiya ne, amma da bayan ruwa ya fi ci, da shi zan faɗa.

Na isa na tarar ba kowa a tafkin. Na bar waya a mota na kutsa. Iska ta gefen dama take, wadda ta fi kowace sharri, kuma ban yi jifa goma ba ƙugiya ta shige fatar kunnena. Na yanke zaren na bar ta a nan tana reto, na ɗaura wata. Sai ruwa ya kece. Na san haɗarin tsayuwa a fili da doguwar sanda ana walƙiya, mutumin Bosniya ya gargaɗe ni ba sau ɗaya ba. Dabarar da na yi, in an yi tsawa in kwantar da sandar a kan ruwa, in ta wuce in ɗaga, kamar wannan zai hana wani abu. Motar masu gadin gaɓa ta zo ta yi mini oda, na ɗaga hannu alamar ga ni nan fitowa, da suka wuce na koma. Gab da azahar bayad ya ci, wani farin kifi mai faɗi da ƙarfin tsiya. Muka yi ta ja har hannuna ya mutu. Da na kamo shi na riƙe shi a ruwa, haƙorana na kaɗawa, jini na bin wuyana, ina dariya ni kaɗai. Ban taɓa jin daɗi irin na lokacin ba, kuma ina faɗin haka ne da sanin abin da ke faruwa a gidanmu a daidai wannan sa'a. Na sake shi, na koma mota, na tarar da kiran matata ya fi goma.

Ga abin da ya faru. A Makka ruwan ya fi ƙarfi. Tagar ɗakinmu ta yi yoyo har ruwa ya malalo falo, Inna ita kaɗai a gida ta shiga tana janye kaya. Ta jawo akwatin da ke ƙarƙashin gado don kada ya jiƙe, murfin ya buɗe. Nakan sa kaina a matsayinta in duba: ƙugiyoyi layi-layi, kowace an ɗaure ta da gashin tsuntsu da jan zare da baƙi, ƙulli kan ƙulli, wasu har da idanu. A gefe ƙullin ƙyalle cike da gashin kurciya. Duk a ƙarƙashin gadon ɗanta, ɗan da ta daɗe tana lura ba ya iya zama, yana cin abinci a tsaye, yana leƙen taga. Ƙyallen kuwa ta san shi, atamfar da suka yi anko ce ita da Goggo a bikin aurena.

Matan benen da na maƙwabta sun taru a matakala suna kallon ambaliya a lungu. A gabansu Inna ta ƙwala wa Goggo kira, ta ɗaga ƙullin. Mata uku suka ba ni labarin daga baya, bakinsu ɗaya.

"Wannan zaninki ne?"

"Nawa ne."

"Gashin na kurciyarki ne?"

"Nata ne."

"Me ya kai shi ƙarƙashin gadon ɗana?"

Goggo ta ce ta jira in dawo ta tambaye ni. Inna ta sake tambaya, ta sake samun amsar nan. Daga nan ta faɗi maganar.

"Ashe ke ce. Shekara ashirin da biyar ina kuka a kafaɗarki, ashe ke kika kore mini na fari. Yanzu kin juyo kan na biyun. Allah ya isa."

Goggo ta juya ta hau sama. Matata ta dawo ta tarar an riga an watse.

Hanya ta cika da ruwa, ban iso ba sai la'asar sakaliya. Ƙugiyar kunnena da filaya na cire ta a madubin mota. Na shiga na tarar da Inna a kan darduma da almakashi. Ta bi risha ɗaya bayan ɗaya ta yanke kowane ƙulli tana addu'ar tsari, ta zuba su a roba da ruwan gishiri. Ta tashi ta rungume ni, ta shafe ni da ruwan tofi, tana cewa Allah ya tona, yanzu zan samu zama. Ta ga kunnena ta ce ga shi nan har abin ya fara fita. Ban ga fuskarta ta saki haka ba tun ina yaro. Matata na tsaye bakin kicin tana kallona, tana jira.

Ban ce komai ba. Kuma zan faɗi abin da ya fi wannan muni: abin da ya fara zo mini a rai da na ga robar nan shi ne rishata, aikin shekara huɗu. Sai bayan haka na tuna da Goggo. Na ce wa kaina Inna ta gaji, ga hawan jini, a bari sai gobe. Matata ta ce ita ba za ta faɗa ba, ni na ƙulla ni zan kwance, amma kada in yi mata magana sai na yi.

Gobe ta zama jibi. Lahadi da safe ƙanshin masa ya sauko kamar kullum, amma ban ji ƙafar kowa a matakala ba. Litinin ma haka. Talata ba ƙanshi. A garin nan zargin sihiri ba abin wasa ba ne. Mata suka riƙa kaucewa in ta wuce, wata har ta tuna cewa tun da ta fara cin masar take fama da ciwon kai. Ni kuwa na kasa zaune na kasa tsaye. A wurin aiki na kwance na'ura ɗaya sau uku ban san me nake nema ba. In shirya maganar a mota tsaf, in shigo in ga Inna na murmushi tana zuba mini abinci, sai in haɗiye. Ranar Laraba muka yi kiciɓis da Goggo a matakala, tana saukowa da ledar shara. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa lafiya lau. Ta rame a kwana huɗun nan.

"Na riƙe maka amanarka," ta ce. "Ta yi mini nauyi, ya waladi, ɗana. Yaushe za ka zo ka karɓi abarka?"

Na ce yau in sha Allahu. Ban yi ba.

Asabar ta zagayo. Na farka kafin assalatu, na leƙa, iska ta ɗauke, sama wasai. Bayan ruwa irin wannan tafkin kan kwanta ya yi garau, har ka ga inuwar kifi a kan yashi. Akwai risha uku da suka tsira a jikin hulata cikin mota. Na ce zan je in yi awa ɗaya kawai, kaina ya washe, in dawo in yi maganar da natsuwa. Inna ta ji motsina ta fito, ta ce ina kuma za ni, ba an karya asirin ba? Na ce aikin Ɗa'ifa ne, na ƙarshe. Na kai azahar a ruwa, ban kama komai ba, ko minti ɗaya ban ji daɗi ba, amma duk na yi jifa sai in ce ɗaya dai.

Da na shigo lungu na tarar da motar ɗan Goggo a ƙofa, yana ɗora kejin tsuntsaye a baya. Tare muka taso da shi. Bai miƙo mini hannu ba. Uwarsa ba ta gaya masa dalilin gashin ba, ya ce dai ba zai bar ta a inda ake nuna ta da baki ba, yau tsuntsaye, nan da kwana uku ita.

Na shiga gida da sandar a hannu da jiƙaƙƙen wando. Na ɗebo ruwa a baho na ajiye gaban Inna. Na ciro risha ɗaya daga hula, na ɗaura a zare, na ja ta cikin ruwan don ta ga yadda gashin ke motsi. Na nuna mata hotuna a waya, ni a ruwa har ƙugu, ni riƙe da kifi, shekara da shekaru. Na ce babu aikin Ɗa'ifa, ba a taɓa yin sa ba. Na ce ni na roƙi Goggo gashin, ni na ɗaure mata baki. Ta daɗe tana kallon bahon. Na zaci za ta mare ni, na ma so ta yi.

"Tayyib," ta ce. "Wato ba wanda ya tura ka."

"Babu, Inna."

"Da ƙafarka kake tafiya, da hankalinka, kana kallon idona."

Na ce eh.

"Da asiri ne ai da sauƙi. Shi ana karya shi." Ta ɗago ta dube ni. "To shi ma yayanka..."

Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban taya ta ba. Ta ce a miƙo mata mayafi.

Gwiwoyin Inna sun shekara biyar ba su wuce hawa ɗaya ba, shi ya sa kullum Goggo ce ke saukowa. Na miƙa mata hannu ta bige shi. Ta hau hawa biyun nan tana dafa bango, tana hutawa duk taki uku, ina binta a baya ban isa in taɓa ta ba. Ta ƙwanƙwasa. Goggo ta buɗe, suka dubi juna, Inna ta fara ƙoƙarin durƙusawa, Goggo ta tare ta ta ja ta ciki ta rufe ƙofa. Na zauna a matakala. Na ji kuka, na ji shiru, can na ji ƙarar kofunan shayi. Sai da aka kira magariba ta fito.

Washegari Inna ta sa aka fitar mata da kujera ƙofar gida. Duk macen da ta zo wucewa sai ta tsayar da ita ta gaya mata ita ce ta yi zalunci, ɗanta ne maƙaryaci, Goggo ba ta da laifin komai. Kwana biyu tana haka. Wasu suka hau suka ba da haƙuri. Wasu suka ce to a gabanta, a bayanta suka ce an dai rufe ne saboda zumunci. Ɗan Goggo bai sauya magana ba, ita ma wannan karon ba ta yi masa gardama ba. Ta ce wa Inna ta yafe mata har ga Allah, amma ba za ta iya sake soya masa ta zauna tana sauraron ko wata za ta hawo ba. Aka kwashe kayanta zuwa Zahir.

Inna ba ta hana ni zuwa tafki ba, ba ta ma sake ambatarsa ba. Ta ce kawai duk Asabar da hantsi zan kai ta Zahir, in jira ta, in dawo da ita bayan la'asar, tunda an gano ba ni da aiki ranar. Asabar ta farko na raka ta har ƙofa, riƙe da kwanon da ta dafa. Goggo ta fito da kanta, ta kama hannun Inna tana yi mata tsiyar ƙiba, ta karɓi kwanon daga hannuna. Na buɗe baki zan fara abin da na kwana bakwai ina shiryawa.

"Halas, ya wuce," ta ce. "Ka gaida iyali. Kai ka jira a sayyara."

Na koma mota na zauna.

Shekara biyu ke nan. Har yanzu ina zuwa tafkin, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, iska ta so ko ta ƙi. Ban warke ba, ba zan ƙara wata ƙaryar ba. Asabar kuwa nakan faka a inuwar gidan nan na Zahir, in kashe mota, in kunna, in fita in zaga, in dawo. Wani lokaci dariyarsu kan sauko ta taga. Goggo takan aiko mini da shayi da masa ta hannun surukarta, da zafinsu, ba ta taɓa fashi ba. Ba ta taɓa cewa in shigo ba.